Saƙo a Cikin Kunne: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Ƙarfin Muryar?

A watan Oktoba na 2019 kamfanin Apple ya fitar da iOS 13.2, wanda ya bai wa Siri, muryar da ke taimaka wa mai iPhone, damar karanta wa mai iyafis na AirPods saƙon tes kai tsaye a kunne, wayarsa tana aljihu a kulle. Da saƙo ya shigo sai a ji ɗan sauti, abin da mutum ke saurare ya yi ƙasa, muryar ta faɗi sunan wanda ya aiko, ta karanta saƙon, sannan ta ɗan dakata ko za a ba ta amsa ta rubuta. A 2021, da zuwan iOS 15, abin ya wuce saƙon tes ya haɗa da sanarwar sauran manhajoji. Samsung da Google ma sun sa irin wannan tsari a iyafis ɗinsu marasa igiya, wato Galaxy Buds da Pixel Buds. Tun daga nan ƙorafi ɗaya ke ta maimaituwa a bakin masu amfani da su, kuma fuska biyu gare shi. Wasu na cewa muryar tana faɗo musu da ƙarfin da ke sa su zabura, wasu kuma na cewa ko sun kasa kunne ba sa jin abin da take faɗa.

Tushen matsalar yana cikin yadda aka gina wayar. Ba mizani ɗaya take da shi na ƙarfin sauti ba: akwai na ƙarar kira, akwai na kiɗa da bidiyo, akwai na maganar waya, a iPhone kuma Siri tana da nata daban. Maɓallin da ke gefen waya yana taɓa wanda ke aiki ne a daidai lokacin da aka danna shi. Saboda haka wanda ya rage sautin karatu ko labaran da yake saurare bai taɓa muryar mai karanta saƙo ba. In yana so ya rage ta, sai ya danna maɓallin cikin 'yan daƙiƙun da take magana, ko kuma ya umarce ta da baki ta rage murya. A wasu wayoyin kuma iyafis ɗin yana da nasa mizani ban da na wayar, wani lokaci su tafi tare, wani lokaci kowanne ya kama gabansa. Wannan ɗan cikas na saiti shi ya tono tambayar da ta raba mutane gida biyu: shin a bar saƙo ya riƙa shiga kunne da ƙarfin da za a ji shi ko ana cikin hayaniya, na'ura tana daidaita shi da kanta, ko kuwa a kashe shi, in ma an bar shi ya zauna ƙasa-ƙasa a hannun mai kunnen?

Abin da masu goyon baya ke cewa

Babbar hujjar masu goyon baya ita ce 'yantar da ido da hannu. Telan da hannuwansa biyu ke kan keke, matar da ke tuya a gaban mai mai tafasa, bakaniken da giris ya ɓata wa yatsu, duk suna iya jin cewa kwastoma ya iso ko yaro ya tashi daga makaranta ba tare da sun ajiye aikinsu ba. Sun kuma ce ciro waya daga aljihu shi ne ainihin asarar lokaci, domin wanda ya buɗe ta don ya duba saƙo ɗaya ba kasafai yake tsayawa a ɗayan ba. Muryar da ta karanta saƙon cikin daƙiƙa biyar ta yi shiru ta raba shi da wannan tarko. A wurinsu in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma ido ya zauna a kan aiki ko a kan hanya.

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke fama da matsalar gani ta kusa ko ta nesa. Tun 2009 iPhone ke da VoiceOver, Android kuma ke da TalkBack, masu karanta wa makaho abin da ke fuskar waya. Ga irin waɗannan mutane, da dattijon da ƙananan haruffa suka fi ƙarfin idonsa, da wanda bai yi nisa a karatun boko ba, saƙon da aka karanta a kunne shi ne saƙon da ya iso. To, in haka ne, in ji su, muryar da ba a ji ba ta da amfani. Magana ba ta fahimtuwa sai ta ɗara hayaniyar da ke kewaye da ita, don haka dole muryar saƙo ta fi abin da ake saurare fitowa, kuma dole ta ƙaru in an shiga kasuwa, ta ragu in an shiga ɗaki. Ba mai iya bin maɓalli yana gyarawa duk lokacin da ya sauya wuri. Aikin na'ura ne wannan.

Abin da masu adawa ke mayarwa

Masu adawa sun fara ne daga kunnen kansa. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin dubu 15 a kowane kunne, su ne ke mayar da motsin sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'aunin da ta fitar tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ya ce babba zai iya sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, yaro kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu. A desibel 90 awa huɗu kawai suka rage a mako, a desibel 100 kuwa ko rabin awa ba a samu ba. Irin wannan haɗari ne ya sa Tarayyar Turai ta tsara cewa na'urorin sauraro su gargaɗi mutum in zai wuce desibel 85, kuma kada su zarce 100.

Daga nan suke cewa muryar da aka saita don ta rinjayi hayaniya tana shiga kunne ne a lokacin da ya riga ya gaji. Mutumin da ke cikin adaidaita sahu a tsakiyar cunkoso, ko wanda janareto ke ruri a bayan shagonsa, ya riga ya ƙure sautin abin da yake saurare don ya danne na waje. In aka ɗora masa wata murya da dole ta fi wannan, an ƙara gishiri a miki. Akwai kuma abin da ke faruwa bayan an bar wurin: saitin da aka ɗaga a kasuwa da rana yana nan yadda aka bar shi har dare, sai mutum ya kwanta a ɗaki shiru yana sauraren karatu a hankali, saƙo ya faɗo masa da ƙarfin kasuwa. Kiɗa mutum ne ke kunna shi da hannunsa, ya san yana tafe. Saƙo kuwa wani ne daga nesa ke zaɓa masa lokaci, kuma kunne ba shi da fatar da zai rufe kamar ido.

Amsar masu goyon baya

A nan masu goyon baya suna da amsa mai ƙarfi, kuma daga ma'aunin da aka kawo suka ɗauko ta. Illar ƙara tana zuwa ne daga ƙarfinta haɗe da tsawon lokacin da aka ɗauka ana jin ta. A ƙaddara mutum yana samun saƙo 50 a rana, kowanne ana karanta shi cikin daƙiƙa biyar. Jimillarsu minti huɗu da 'yan kai ne a rana, kusan rabin awa a mako. Ko da a desibel 90 aka karanta su duka, kashi ɗaya cikin takwas ke nan na abin da aka yarje masa. Abin da ke cin kunne shi ne awa huɗu ko biyar na kiɗa ko fim da sauti a ƙure, kuma kashe mai karanta saƙo ba zai rage wannan da komai ba.

Sun ƙara da cewa na'urar da ake zargi ita ce ke ɗauke da maganin. Iyafis mai roba a baki wanda ke toshe kunne, musamman mai fasahar danne hayaniyar waje, yana sa mutum ya wadatu da sauti kaɗan, tunda ba ya kokawa da na titi. Tun iOS 14 a 2020, iPhone ke da saitin da mutum zai sa wa sauti iyaka tsakanin desibel 75 da 100, kuma manhajar lafiya ta wayar tana lissafa abin da kunne ya sha a mako. A 2023 an ƙara wa AirPods Pro ƙarni na biyu tsarin da ke daidaita sauti gwargwadon wurin da mutum yake da yadda ya saba saurare, da wani mai rage sauti da zarar mutum ya fara magana da na kusa da shi. A Satumban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da wannan iyafis a matsayin abin taimakon ji ga manya masu ƙarancin ji marar tsanani. Na'urar da ta kai wannan matsayi, in ji su, ta fi yatsan mutum sanin abin da kunnensa zai iya ɗauka, domin mutum yana sabawa da ƙara har ya daina jin yawanta.

Martanin masu adawa

Da yawa daga masu adawa sun yarda da wannan lissafi, amma sun ce ya amsa tambayar dodon kunne ne kawai, ya bar ta hankali. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Florida sun nuna cewa jin shigowar saƙo kaɗai, ko ba a taɓa wayar ba, yana ƙara wa mutum kuskure a aikin da ke buƙatar natsuwa. In ɗan sauti marar kalma yana yin haka, ina ga murya mai kiran sunan mahaifiyarka ko na wanda ke bin ka bashi? Magana tana da riƙo a ƙwaƙwalwa da ba a iya kauce masa, kuma gwargwadon ƙarfinta gwargwadon yadda take ture abin da ke gabanka.

A kan hanya wannan ya zama batun rai. David Strayer na Jami'ar Utah da abokan aikinsa sun yi wa gidauniyar kiyaye haɗurra ta AAA a Amurka jerin gwaje-gwaje a kan direbobi. A na 2013, a ma'auni mai hawa biyar na shagaltar da tunani, sauraren rediyo ya tsaya kusa da hawa na ɗaya, magana a waya ta wuce na biyu kaɗan, mu'amala da saƙonni ta hanyar murya kuwa ta kai na uku. A na 2015 sun gano cewa hankalin direba yana iya ɗaukar har daƙiƙa 27 kafin ya dawo daidai bayan ya gama bai wa na'ura umarni. Faransa ta hana tuƙi da abin sauraro a kunne tun 1 ga Yulin 2015, har ga masu babur da keke. Ɗan acaɓa ko direban adaidaita da kunnensa ke toshe, murya na karanto masa saƙo, ya rasa hon ɗin motar da ke bayansa a daidai lokacin da tunaninsa ma ya bar titi.

Sai batun sirri, wanda ke da alaƙa ta kai tsaye da ƙarfin murya. Iyafis da ba ya toshe kunne yana zubar da sauti, kuma in an ƙure shi na kusa da kai a mota ko a layin banki yana iya tsinkayar abin da ake faɗa. Ga kuma al'adar da matasa suka saba da ita ta raba iyafis, ɗaya a kunnenka ɗaya a kunnen aboki, kuna kallon wasan ƙwallo ko sauraren waƙa tare. Na'urar ba ta san kunnen waye take ciki ba. Alat na banki da ragowar kuɗin da ke asusu, lambar sirri ta lokaci ɗaya da banki ya turo, maganar gida tsakanin miji da mata, duk za ta karanta su ga kunnuwa biyu daidai wa daida. A al'ada ba a faɗa wa gida sai an tsaya a ƙofa an yi sallama an jira izini, su kuwa masu adawa suna ganin wannan tsari ya bai wa duk mai lambarka damar wucewa har ƙuryar ɗaki yana magana da ƙarfi.

Inda harshe ya shigo

Akwai wani ɓangare da ya shafi mai Hausa fiye da wanda aka ƙera na'urar dominsa. Siri ba ta jin Hausa. In aka aiko da saƙon Hausa, muryar Turanci ce za ta karanta shi da ƙa'idojin furucin Turanci. Ba ta san bambancin ƙ da k ko ɗ da d ba, balle karin sauti da tsawon wasali waɗanda rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa, ga kuma gajarce kalmomi da cakuɗa Hausa da Turanci da ake yi a saƙo. Abin da ke fitowa sau da yawa ba ya fahimtuwa, kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce in bai gane magana ba ya ɗauka bai ji ba ne, sai ya ƙara sauti. Ƙarin ba ya gyara furucin da ya karkace, kunne kawai ke biyan kuɗinsa.

Masu adawa suna ɗaukar wannan a matsayin shaida cewa ga mafi yawan Hausawa tsarin duk wahala ce ba riba, kuma mutane sun riga sun samo hanyarsu: saƙon murya na WhatsApp, wanda ke zuwa da harshen mai shi, a saurare shi lokacin da aka ga dama. Sun kuma lura cewa fasahohin daidaita sauti da ake alfahari da su suna cikin iyafis masu tsada ne, alhali abin da ya cika kasuwanninmu shi ne masu sauƙin kuɗi irin su Oraimo da waɗanda ma ba su da suna, a haɗe da Tecno ko Infinix ko itel. Masu goyon baya kuwa suna cewa ko sunan wanda ya aiko kaɗai aka ji an ƙaru, domin mutum zai san ko ya ciro waya ko ya bari, kuma al'ummar da ta daɗe da sabawa da karɓar labari ta rediyo ita ce za ta fi kowa cin moriyar abin ranar da aka samu murya mai iya Hausa sosai.

Auna hujjojin

In aka tace abin da kowane ɓangare ya kawo, za a ga ba duk hujjojin ke da nauyi ɗaya ba. A batun kurumta, masu goyon baya ne ke da rinjaye. Lissafin lokaci da ƙarfi bai nuna cewa 'yan daƙiƙun karanta saƙo su ne ke lalata ji ba, kuma wanda ke tsoron kunnensa ya fara da rage awannin da yake yi da sauti a ƙure. Abin da ya rage wa masu adawa a nan shi ne zaburar da murya mai ƙarfi ke jawowa da kuma yadda take koya wa mutum ɗaga saiti, kuma waɗannan gaskiya ne, sai dai laifin tsarin saitin ne da ya ɓoye mizanin muryar, ana kuma iya gyara shi.

A batun hankali da hanya, masu adawa ne ke gaba, amma da sharaɗi. Gwajin da su Strayer suka yi a 2014 ya bambanta sauraren saƙo da tsara amsa: sauraro kaɗai ya tsaya wajen hawa na biyu, tsara amsa ya kai na uku. Wato jin saƙo ya fi kallon waya a kan sitiyari sauƙin haɗari, amma bai kai barin saƙon ya jira ba, kuma kwatancen da ya dace a yi shi ne da na biyun. A batun sirri ma hujjarsu tana tsaye, ko da yake maganinta yana hannu, tunda ana iya zaɓar manhajojin da za a karanta saƙonsu a cire na banki. A batun makafi da masu raunin gani kuwa babu abin da masu adawa suka kawo da ya girgiza hujjar ɗaya ɓangaren.

Abin da wannan ke nunawa, a ganina, shi ne rigimar ta fi karkata ga wanda ke da iko fiye da yawan desibel. Duk inda mai kunnen ne ya zaɓi waɗanda saƙonsu zai shigo, ya ga mizanin muryar a sarari ya saita shi a wuri shiru daidai inda yake ganewa, ya sa iyakar da ba za a wuce ba, yawancin ƙorafin ɓangarorin biyu yana raguwa. Hakkin kamfanoni ne su fito da wannan mizani fili kamar na ƙarar kira, maimakon a bar mutum yana farautar daƙiƙa biyar da yatsa a kan maɓalli. Za a iya cewa yawancin mutane ba sa shiga saiti, don haka ba su iko tamkar barin su ne da abin da kamfani ya zaɓa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa saitin farko ya kamata ya zama mai taka-tsantsan: murya daidai da abin da ake saurare, saƙonni kaɗan, wanda ke buƙatar ƙari ya ƙara da kansa.

Tambayoyi biyu dai ba su rufu ba. Ta farko, tsakanin wannan iyaka da mutum ya sa, shin a bar na'ura ta riƙa ɗagawa da saukewa da kanta? Tana auna hayaniya fiye da mutum, amma ba ta san ko yana tsallaka titi ne ko yana zaune a shago ba, kuma a wuri na farko ɗaga murya shi ne kuskure. Ta biyu, ga mai tuƙi, shin doka ta bi sahun Faransa ta hana gaba ɗaya, ko ta yarda da kunne ɗaya da sauraro ba tare da amsa ba, tunda hanawar na iya mayar da wasu ga kallon waya? Makaho, tela, ɗan acaɓa da ɗalibin da ke bita ba za su ba da amsa ɗaya ba, kuma kowannensu yana da dalilin da ya kamata a saurara kafin a yanke hukunci a kansa.